Malam Haliru da sunayen da suka ƙi shiga rumbu

Yau Talata, ƙarfe bakwai da kwata na safe, ina tsaye a ƙofar ofishin ƙungiyarmu ta manoman rani a Goronyo, makulli na cikin kwaɗo ban ko murɗa ba, wayata ta yi ƙara. Lambar Malam Haliru ce. Na ɗauka ina cewa, "Ranka shi daɗe, na iso," sai na ji muryar da ba tasa ba.

Ƙaninsa ne. Ya ce Malam ya rasu bayan sallar asuba a gidansa na Rabah.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga gare Shi muke, kuma ga ɗaya daga cikinmu ya riga mu komawa.

Na tambaye shi wane Haliru. Ya ce, "Naku na ofis." Na sake tambaya. Bai yi fushi ba, ya sake faɗa mini.

An yi jana'iza ƙarfe goma sha ɗaya. Ban je ba.

Tun safe ake kirana ana tambayar ina nake, wasu cikin tausayi, wasu kuwa na ji abin da ke ƙarƙashin tambayar. Shi ya sa zan rubuta sau ɗaya a nan. Ina zaune ne a kan kujerarsa, ina rubutu a waya da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kan maus ɗin kwamfutarsa. Ba zan iya tashi ba.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Haliru shi ne sakataren ƙungiya. Ni ban daɗe da gama jami'a ba, aikin gona na karanta, aka ɗauke ni in taimaka masa. Kullum daga Wurno nake zuwa. Da yake ni ne matashin ofis, duk abin da ya shafi na'ura a kaina yake faɗawa, ko na sani ko ban sani ba.

Shi ya sa mini suna Daidai. A satina na farko wani manomi ya tambayi nisan gonarsa daga babban kanal ɗin ban-ruwa, na ba shi amsa da mita har da rabi. Malam ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai, an tambai ka nisa, ka ce ba nisa, ko ka ce da 'yar tahiya. Wa ya aike ka da rabin mita?"

Tun ranar nan har masu kabu-kabun bakin tasha Daidai suke kirana.

Fanka ɗaya ce a ofis. Ranar da na fara aiki ya juya ta wajena, bai sake juya ta ba.

Da hantsi in ya aika a sayo fura, ludayi biyu yake cewa a kawo. Bai taɓa tambayata ko na karya ba. Ya san motar farko daga Wurno ba ta jiran mai karin kumallo.

Akwai ranar da a tsakiyar taro na kira wani dattijo da sunansa tsirara, ba Baba ba Alhaji. Malam ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya ci gaba da magana kamar shi ya fara ta: "Wato Baba Sarkin Noma, Allah shi ƙara mai lahiya, yaron na nuhin..." Aka wuce wurin. Da muka fito bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Suna ba kaya na ba, ba shi yi ma baki nauyi. Hwaɗi shi duka."

Haka yake da baki, haka yake da rubutu. Kuma abin da ya zaunar da ni a nan ke nan.

Duk wanda ke noma a ƙasan dam ya san abin da ruwa ke yi. In aka sako shi ya malale fadama, ranar da ya janye ba ka gane gonarka da ta maƙwabcinka. Laka ta shafe kunyoyi, turakun da aka kafa sun tafi. Shekaru da suka wuce, bayan wata rigimar iyaka da ta kai ga fasa kai, Malam Haliru ya fara bin gonaki da wayarsa. Sai ya tara masu gona biyu da dattijon da ya san asalin wurin, su tsaya a kan iyaka, dattijo ya nuna daga ina zuwa ina, kowa ya ce ya yarda, shi kuma yana ɗaukar bidiyo. Gona bayan gona. In aka yi gardama sai a zo ofis a kunna, mutum ya ga kansa ko ubansa yana cewa na yarda. Magana ta ƙare.

Da yawa daga cikin dattawan nan yanzu suna ƙasa. Muryarsu kawai ta rage, a cikin wannan tsohuwar laftof. Wayar da ya ɗauka da ita ta daɗe da lalacewa.

Ƙungiya ta sayi hadi-dis na waje, irin wanda ake jonawa da waya, don a riƙa ajiye kwafi. Malam rumbu yake kiransa. "Daidai, ka zuba hatsi rumbu?" Da can yana zubuwa lafiya. Da na zo na duba sai na tarar kwafin da ke cikin rumbu bai cika ba. Aiki yakan fara, ya yi nisa, ya tsaya da saƙon kuskure, ko ya ce ya gama alhali ya tsallake wasu.

Zan faɗi abin da na gwada, don masu son ba ni shawara su san inda na tsaya. Na canza wayar jonawa. Na canza ramin da ake jona ta. Na duba wuri, rumbun ko rabi bai cika ba. Na bincika ko cutar kwamfuta ce, babu. Na kai rumbun shagon wani abokina a Wurno, muka zuba masa finafinai manya, ya karɓa ba gardama. Na aro wani rumbun, shi ma a daidai wuraren nan ya tsaya. Nan na san laifin ba na rumbu ba ne, yana cikin laftof.

Jiya bayan azahar na daina kallon saƙon kuskuren, na kalli sunayen fayil ɗin da ake tsallakewa. Na jera su a allo.

Dukkansu da kalma ɗaya suka fara. Marigayi.

Malam ba ya sa wa fayil lamba. Ga irin sunan da yake sawa: Baba Alhaji Sarkin Ruwa yana nuna iyakar gonar mai sunan Babana da ta Malam wane ɗan Liman, daga bakin kanal zuwa gindin giginya. Sunan mahaifin Malam Bello ne, don haka ba ya faɗar sunan, ba ya rubuta shi, sai dai mai sunan Babana. Ku kuma kun san ƙasarmu, in ka ƙwala kiran Bello a kasuwa rabin kasuwa ke waiwayowa.

Wannan tsawon duk kwamfuta ta haƙura da shi. Amma in dattijo ya rasu, Malam yakan dawo daga ta'aziyya ya buɗe laftof ya gyara sunan. Ya sa Marigayi a gaba, ya ƙara a baya: Allah shi jiƙan shi da rahama, shi haskaka kabarinshi, shi sa aljanna ta makoma. Ba fayil kaɗai ba, har foldar gidan, har foldar zuriyar. Kwamfuta kuwa tana da iyakar haruffan da take ɗauka in an haɗa sunan fayil da na duk foldojin da yake ciki, wajen ɗari biyu da sittin. Abin da ya wuce haka ba ta iya ɗaga shi ta kai wani wuri.

Na ce, "Malam, na gano."

"Mi ka gano, Daidai?"

"Matattu ne ba su shiga."

Ya cire tabarau. "Subhanallahi. Kai yaro, gyara maganarka."

Na gyara. Na nuna masa a allo, na ƙirga masa haruffa. Ya daɗe yana kallo, sai ya fashe da dariya har da buga tebur.

"Ashe na'urar ga ba ta son addu'a! Dama na daɗe ina zargin ta."

Madam Rifkatu, ma'ajiyar ofis, mutumiyar Zuru da ta fi ni daɗewa a garin nan nesa ba kusa ba, ta ɗago kai daga teburinta. "Malam, ai ko a cocinmu in mai addu'a ya tsawaita, ta baya ake zamewa."

"Ke Rifkatu, ku kuna da ƙahwahu. Ita wagga mi ad dalilinta?"

Muka yi dariya. Sannan na faɗi abin da nake tsoron faɗa. Na ce sai an rage sunayen. A cire addu'ar, a cire sarautar, a bar suna da lamba.

Dariyar ta tsaya.

"Lamba? Baba Sarkin Ruwa da yac ciyar da ni shekarar da niz zaka garin ga ban san kowa ba, shi za ka mai da lamba bakwai?"

Na ce ba don raini ba ne, laftof ɗin ce ta tsufa, ranar da ta tsaya shi ke nan.

"Na jiya. Ba musu ni kai ba." Ya mayar da tabarau. "Bari in kwana da maganar. Gobe in na zaka mu gani."

Bayan la'asar ya ce jikinsa ba ya masa daɗi, zai leƙa gida. Ranar Juma'a ya saba tafiya Rabah, jiya kuwa Litinin. Na lura da haka, na ci gaba da aikina. Ya buɗe mini laftof da kalmar sirrinsa, na sa kwafin waɗanda ke shiga ya ci gaba, na kunna wani bidiyo yana maimaita kansa don kada ta kulle kafin safe. Ya rataya jakarsa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ruhe tagar can, rana na bugun ta."

Maganarsa ta ƙarshe da na ji ke nan.

Da safen nan, bayan wayar ƙaninsa, ban san yadda na buɗe ƙofa ba. Na shiga ne kawai in ajiye makulli in nemi motar Rabah. Sai na ji wani sauti daga laftof, ƙas, ƙas, shiru, ƙas. Jiya ba ta yi. Wanda ya san kwamfuta ya san ma'anar sautin nan. Dis ɗin cikinta ne ke mutuwa.

Ga halin da nake ciki dalla-dalla. Batirin laftof ɗin ya daɗe da mutuwa, da wutar sola take rayuwa, in aka zare caja na ƙiftawar ido ta ɗauke. Bakin cajar ya yi sako-sako, da roba aka ɗaure shi a ƙafar tebur, ko teburin ba a matsarwa. In ta ɗauke ko ta kulle kanta, sai da kalmar sirri, kuma Malam kaɗai ya san ta. Na tambayi Madam, na tambayi ƙaninsa, ya tambayi iyalinsa, babu wanda ya sani. Masu cewa a cire dis a karanta a wata na'ura, na duba, a kulle yake da irin makullin da ba ya karantuwa a waje. Masu cewa akwai umarnin da ake rubutawa ya kwashe dogayen sunaye, na ji labarinsa, ban taɓa yi ba, kuma ba a kan wannan dis ɗin zan koya ba. Bidiyon da ya hana ta barci jiya na kashe shi, don yana ƙara wa dis wahala. Saura hannuna. In na bar maus na 'yan mintoci, ta kulle.

Duk da haka na ɗauki jakata. Wallahi na ɗauka.

A bakin ƙofa na haɗu da Alhaji Maidamma, shugaban ƙungiya, ya zo da mota zai kwashi mutane zuwa jana'iza. Idonsa ja. Na yi masa bayani a tsaitsaye, ina haɗa magana.

Ya ce, "Tsaya. In ka tahi, abin na iya mutuwa?"

"Ranka shi daɗe, yana iya mutuwa ko ina zaune. Amma in na tafi ba makawa."

"Na kanal na uku sun shiga rumbun?"

"Ba su shiga ba. Duk dattawan can sun rasu."

Ni da shi mun san abin da ke kanal na uku. Ruwa ya janye, laka ta shafe komai, irin albasa ya isa dashe, ranar Asabar za a fita fitar da iyakoki. Akwai gidaje biyu a can da tun kafin ruwa ya janye suka daina gaisawa. Dattijon da ya raba su wancan karon yana kabari. Abin da ya rage shi ne bidiyonsa yana tsaye tsakanin iyayensu.

Alhaji ya karɓi jakar daga kafaɗata ya ajiye a kan benci.

"Ɗana, jana'iza in wasu sunka yi an ɗauke ma saura. Mu muna da yawa, mu ka ɗauke maka. Wanga aiki kau wa ka ɗauke maka shi?"

Na ce, "Alhaji, shi ne ya..."

"Na sani. Koma ka zamna."

Na koma na zauna. Ina jin motoci suna tashi ɗaya bayan ɗaya har unguwar ta yi shiru.

Hanya ɗaya ta rage mini, ita ce wadda Malam ya ce bari ya kwana da ita. Na buɗe sunan farko, na sa yatsa a kan maɓallin gogewa, na kasa dannawa. Jiya-jiyan nan ya ce mini lamba bakwai.

Madam Rifkatu ba ta bi motocin ba, ta ce za ta je gaisuwa gobe tare da mata. Ta jawo kujerarta kusa da ni.

"Daidai, me kake jira?"

"Madam, addu'a ce zan goge. Da hannunsa ya rubuta."

"To karanta ta tukuna. Da ƙarfi. Addu'a ai ba don a ajiye ta aka yi ta ba."

Haka muke yi tun safe. In buɗe suna, in karanta shi duka da sarautarsa da addu'arsa, ta ce amin, in goge, in bar sunan mutum da na kanal, in tura rumbu, mu zuba wa allo ido har ya wuce. Ban sa wa kowa lamba ba. Inda ya rubuta mai sunan Babana na bar shi haka, na rage a wani wurin.

Ta san su fiye da ni. "Wannan tsohon shi ke kawo mini tattasai, ya ce in kai wa mutanenmu su san an fi su noma." Wani kuma ta ce, "Kai, wannan masifaffe ne, amma amin."

Da ƙarfe goma sha ɗaya ta yi, na ga lokacin a kusurwar allo. Madam ta miƙo hannu ta karɓi maus, na juya na fuskanci bango na ɗan lokaci. Ita ta riƙe mini shi na yi alwala, na yi azahar a nan gefen tebur ina jin ƙas, ƙas a bayana.

Wasu fayil ɗin suna wucewa nan take. Wasu sai su tsaya a tsakiya, dis ya yi ta ƙara, sannan su motsa. Biyu sun ƙi sam, na tsallake su zan dawo.

Ɗazu, a cikin foldar kanal na biyu, tsakanin dogayen sunayen nan, na ga wani fayil mai haruffa huɗu. Tawa. Madam ta leƙo ta ce 'yar gonar albasar Malam ce, wadda yake nomawa da yamma. Ya ba kowa sarauta da kirari, nasa ko sunansa bai sa ba.

Duk laftof ɗin nan shi kaɗai ne ke da wurin da addu'a za ta zauna.

Na rubuta Marigayi Malam Haliru, Allah shi jiƙan shi da rahama, shi haskaka kabarinshi, shi sa aljanna ta makoma. Na ƙirga haruffan sau biyu. Na tura. Ya shiga.

Yanzu la'asar ta kusa, na fara kanal na uku. Ga abin da ban sani ba har zuwa wannan lokaci.

Ban san abin da ya yi ajalinsa ba. Ƙaninsa ya ce ƙirji ya riƙe, ba a kai ga asibiti ba. Iyakar abin da aka faɗa mini ke nan, kada a ƙara a kai a ce ni na ce.

Ban san ko dis ɗin zai kai magariba ba. Sautin ya fi na safe yawa.

Ban san ko batirin sola zai ɗauke mu bayan faɗuwar rana ba. Jiya ya kwana, amma jiya ba a yi masa aikin yau ba. Alhaji ya ce in sun dawo zai aiko da janareta a yi masa caji ba tare da an zare komai ba.

Ban san ko duk abin da ya shiga rumbu zai buɗe ba. Kaɗan na gwada a kwamfutar Madam kafin in mayar da rumbun, sun buɗe. Sauran sai na gama.

Ban san a wane gefen maƙabarta aka sa shi ba.

Bidiyon gidajen nan biyu yana gabana, shi ne na gaba in fayil ɗin da ke tafiya yanzu ya wuce. Babba ne. Ban san ko zai shiga ba.

Don Allah kada ku kira ni yanzu, hannu ɗaya gare ni. Abin da nake roƙo shi ne wannan. Na cire addu'a daga kan sunayen dattawa masu yawa yau, bakina da na Madam kaɗai suka ɗauke ta, kuma mun yi kaɗan. Duk wanda ya karanta wannan, a Goronyo yake ko Wurno ko Rabah ko nesa, ya tsaya ya yi musu, ko bai san sunansu ba. Ya sa Malam Haliru a gaba.

Allah Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka tsaya wa 'ya'yansa. Allah Ka jiƙan waɗanda suka riga shi. Allah Ka sa a fita kanal na uku ranar Asabar a dawo ba wanda ya zubar da jinin wani.

Wanda ke tafiya ya wuce yanzu. Zan karanta suna na gaba. Ku ce amin.